Yadda Kawu Ya Ci Sarautar Tonawa a Biyana

Tun ina saurayi nake da wata ɗabi'a: duk inda ƙafata ta taka, in na dawo sai na zauna na rubuta abin da na gani da ajami, in karanta wa mutane bayan la'asar a ƙofar rumfarmu ta dukanci, a zangon Ankara, garin nan na bakin teku. Na rubuta tafiyata Salaga, na rubuta ta Kete, na rubuta ta Ikko. Mutane sun saurara, wasu sun ce madalla, wasu sun yi gyangyaɗi. Ga shi furfura ta cika mini gemu, amma babu wanda ya taɓa liƙa mini ko maɓallin riga a ƙirji saboda wannan aiki. A gidanmu mutum ɗaya ne mai lambar yabo, kawuna, wan mahaifiyata, wanda ba ya bambance alif da sandar makiyayi. Shi kuwa har biyu ya samu.

Ta farko daga Ingilishi ta fito. Kawu tsohon soja ne, cikin Hausawan nan masu jar dara da suka ja igwa cikin kurmi har Kumasi, lokacin da aka yi yaƙi da Tonawa, wato Asantawa, aka ƙone musu birni. Da suka dawo sai aka ba kowannensu wani ƙarfe zagayayye mai kan sarauniya a jiki, an rataya shi da ƙyalle mai ratsi. Tsofaffin sojoji minda suke ce masa. Kawu ya bar soja ya koma sayar da igiya da tabarmi a gefen rumfarmu. Minda kuwa ya sa na ɗinka mata gidan fata kamar laya, ya ɗaura a damtse, ba ya fito da ita sai ranar salla. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, da tabo a kunci inda harsashin wani Batone ya shafe shi. Magana ba ta dame shi ba. In ya zauna bisa tabarmarsa yana tufka, sai ka ce alƙali ne ke jiran a kawo ƙara.

Bayan shekaru masu yawa Ingilishi suka sake komawa Kumasi, a wannan karon suka kama sarkin garin suka fita da shi. Labari ya cika ƙasashen Turawa, kowa a can yana so ya ga Tonawa da idonsa. Ba a jima ba wani Bature, ba Ba'ingilishe ba, gajere mai jan gemu, ya sauka daga jirgi don ya tara Tonawa ya kai su a kalle su. Sai dai Tonawa na nesa, ga daji, ga su cikin baƙin ciki, babu mai sha'awar yi wa kowa rawa. Baturen ya duba bakin teku ya ga mutane fal, dukansu baƙaƙe, ya ga babu dalilin da zai wahalar da ƙafarsa. Ya ɗebi Ankarawa 'yan ƙasa: masunta, maƙeran zinariya, masaƙa, mata masu dafa dokunu, wato tuwon masararsu, da 'ya'yansu. Mu a zango muka sa masa suna Madugu, tun da ayari yake haɗawa.

Madugu ya zo rumfarmu neman baduku. Muna cikin magana da buroka, irin Turancin 'yan kwale-kwale, sai idonsa ya faɗa kan Kawu. Ya zagaya shi kamar mai taya doki, ya ce da ni, "Ga sarki nan. Wata guda ina nemansa."

Na juya na ce, "Kawu, wai kai ne sarkin Tonawa."

Kawu bai ɗaga kai daga tufkarsa ba. Ya ce, "Ka gaya masa ya yi makuwa. Ni ne na ja igwa."

Na faɗa wa Madugu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ai hakan ya fi, tun da Kawu ya taɓa ganin Kumasi, abin da babu ko ɗaya cikin Tonawansa da ya taɓa yi.

Kawu ya kwana biyu yana juya maganar. Daga baya ya kafa sharuɗɗa: ba zai zuba wa gunki giya ba, ba zai cire wando daga ƙarƙashin zane ba, kuma ba za a hana shi salla ba. Madugu ya yarda da duka, da saurin mutumin da bai saurara ba. Matar Kawu da ta ji an zaɓi wata Ba'ankariya mai sayar da kifi a matsayin sarauniya, sai ta ce, "Wannan kam an dace. Ko a kasuwa haka take zama, sai ka durƙusa kafin ta dube ka." Ta ɗaure wa mijinta yaji da daddawa a ƙunshi, ta ce Allah ya ja zamanin sarki, a kula da gwiwa.

Ni kuwa ba sai an roƙe ni ba. A duk zangon babu wanda ya taɓa rubuta labarin ƙasar Turawa daga gani da ido. Na haɗa basilla da wuƙa da fatu, na sa alƙalami da tawada a ƙasan jaka.

Ba zan tsaya a kan jirgin ruwa ba, domin abin da na fi gani a cikinsa shi ne gindin bokiti. Daga jirgin ruwa muka shiga jirgin ƙasa, ya yi ta gudu da mu tsakanin gonaki da duwatsu, har muka isa wani babban birni da ake kira Biyana, inda sarkin Ostiriya yake zaune. Aka ɗebe mu a keken doki, aka bi da mu wata hanya mai itatuwa, aka shigar da mu wata ƙofa. Kafin in ga masaukinmu hancina ya riga ya gaya mini inda muke. Gidan namun daji ne. Giwa na hannun dama, raƙuma na bayanmu, birai na can gaba suna ihu. A tsakiya an gina bukkoki na ciyawa, irin da ban taɓa gani ba a Ankara, Kawu kuma ya ce bai gani ba a Kumasi. An kewaye su da igiya mai kauri. Kawu ya taɓa igiyar ya ce tufkar ba ta da laifi.

Sarautar Kawu ba mai wuya ba ce. Da hantsi ya yafa zanen kente ya bar kafaɗa ɗaya a waje, ya sa zobba da mundaye na tagulla da aka goge suka yi kama da zinariya, ya hau kujerar katako a ƙarƙashin wata ƙatuwar laima, sarauniyarsa Mai Kifi na gefensa. Shi ke nan. Mutane su yi ta zuwa, maza da dogayen huluna, mata da riguna masu jan ƙasa, su tsaya bayan igiya su zuba masa ido. Shi kuma ya dubi sama da kawunansu kamar yadda aka koya masa a fareti. Madugu ya ce bai taɓa ganin sarauta a cikin jini irin wannan ba. Bokan garin namu wani kafinta ne daga unguwar Osu ta Ankara, ɗan mishan, wanda in ya gama girgiza da fenti a fuska yakan koma bukka ya yi ta rera waƙoƙin coci. Ni ina gefe ina ɗinka jakunkuna da kube irin na Kano, ana saye ana kai gida a matsayin aikin Tonawa.

Rani ne a wurinsu, amma da safe sanyi kan shiga ƙashi, kuma an hana mu sa riga muddin ƙofa na buɗe. Salla kuwa mukan yi ta a bayan rumbun ciyawar raƙuma, mu 'yan kaɗan da muke Musulmi. Wata rana wasu 'yan kallo suka leƙo suka gan mu a sujada, suka ruga suka gaya wa Madugu sun ga tsafin asiri. Madugu ya zo da murna, ya ce me zai hana a riƙa yin wannan a fili, a sa masa lokaci a allo. Kawu ya dube shi ya ce da ni, "Gaya masa in ya sake faɗin haka, gobe sarki zai yi murabus." Ba a sake faɗa ba.

Duk wannan lokaci ban ga komai na Biyana ba sai fuskokin mutanenta. Na dami Madugu da roƙo, har wata rana ya ce gobe za a fita da sarki da fadawansa su ga gari. Na yi murna, na feƙe alƙalami.

Aka kawo kekunan doki marasa rufi. Kawu da Mai Kifi suka shiga na gaba da laimarsu, ni ina fuskantarsu. A bayan kowane keke an rataya allo mai manyan baƙaƙe. Na ɗauka sunan mai keken ne. Sai daga baya kafintan Osu ya karanta mini: wurin da ake kallonmu ne aka rubuta, da lokacin buɗe ƙofa.

Gari ne, babu shakka. Akwai wata hanya mai faɗi da ta zagaye tsohon birnin a inda ganuwa take a da, kowane gefe gidaje ne na dutse, ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya fi kurkukun Ingilishi na bakin tekunmu girma. A kan gidajen da gabansu an jera gumaka na farin dutse, maza da mata, yawancinsu ko bante babu. Mai Kifi ta daɗe tana dubansu, sa'an nan ta ce da ni da Ankaranci, "Su waɗannan ba su jin sanyi, ko su ma an hana su riga?" Na fito da takarda don in rubuta, na ɗora a cinya. Nan take mutanen da ke bin keken suka matso, suna nuna hannuna, suna mamakin yadda yake tafiya daga dama zuwa hagu. Madugu ya diro daga kekensa ya zo a guje.

Ya ce, "Ɓoye wannan. Batone ba ya rubutu."

Na ce, "Ai ni ba Batone ba ne."

Ya ce, "Yau kai ne."

Don haka duk abin da na rubuta game da Biyana daga ka na ɗauko shi, in an sami kuskure a nemi Madugu.

Aka kai mu wani lilo na ƙarfe, zagayayye kamar ƙafar keke, tsawonsa ya fi na kowace rimi, an rataya masa ɗakuna na katako masu tagogi. Yana juyawa a hankali ya kai ka sama ya dawo da kai. Muka shiga ɗaki ɗaya da wasu mutanen gari. Da muka kai ƙololuwa na ga birnin duka a shimfiɗe: jajayen rufi, hasumiyoyi, hayaƙi, wani babban kogi da ya fi namu Folta kwanciya, da tuddai masu gonakin inabi can nesa. Na ce tabarakalla. Na waiwayo don in ga ko mutanen garin ma abin ya burge su, sai na tarar babu ko ɗaya da ke duban taga. Sun hau har sararin sama, sun tsaya suna kallon yatsun ƙafar Kawu.

Daga nan sai babbar majami'arsu, mai hasumiya kamar tsinin mashi. Ciki duhu da sanyi, tagogi masu launi, ƙamshin turare irin na lubban. Wani mai gadin wurin ya hau da mu wata matakala mai murɗewa kamar dodon koɗi, Kawu na nishi yana riƙe da zane, har muka isa wurin wata ƙararrawa wadda mutum da iyalinsa za su iya fakewa a ƙarƙashinta in ana ruwa. Mai gadin ya yi bayani da alfahari, Madugu ya juya mini, na juya wa Kawu: a zamanin da, rundunar sarkin Santambul ta kewaye wannan gari, aka kore ta, ta bar igwoyinta, aka narke su aka zuba wannan ƙararrawa. Raina ya ɗan sosu. Na dubi Kawu in ga ko nasa ma. Shi kuwa ya ƙwanƙwasa ƙarfen da gaɓar yatsa, ya kasa kunne.

Ya ce, "Daga Santambul zuwa nan da nisa?"

Na tambaya, aka ce da nisa ƙwarai.

Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan waɗanda suka jawo su."

Da muka sauko muka fito fili, ƙurar hasumiya ta sa Kawu ya yi wata atishawa mai ƙarfi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sai daga cikin taron da ya kewaye mu wata murya ta amsa, "Yarhamukallahu."

Muka juya a tare. Wani soja ne, fari sol, mai gashin baki ruwan zuma da idanu kamar na mage, a kansa kuma jar dara mai tuntu, irin wadda Kawu ya yi shekaru yana sawa. Shi ma da alama bakinsa ne ya riga shi, don ya tsaya yana kallon sarkin arna da ya gode wa Allah da Larabci. Kawu ya yi masa sallama. Ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Na matsa na gwada ɗan Larabcin da nake da shi, na tarar nasa bai kai nawa ba, iyakarsa abin salla. Na dai gane ƙasarsu Bosna ake ce mata, da tana ƙarƙashin sarkin Santambul, yanzu sarkin Ostiriya ke riƙe da ita, ya kuma ɗebi samarinsu ya ba su bindiga. Ya nuna darar kansa, ya nuna gicciyen da ke kan hasumiya, ya ɗaga kafaɗu.

Kawu ya kwance gidan fatar da ke damtsensa, ya juya wa Madugu baya, ya zaro minda ya nuna masa a tafin hannu. Ya nuna kansa inda dara take zama a da. Sojan ya dubi kan sarauniyar Ingila, ya dubi zanen kente, ya dubi laima. Ban san iyakar abin da ya fahimta ba, amma ya fashe da dariya, ya shafa nasa ƙirjin inda babu komai, ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Tun da muka bar Ankara ban ga haƙoran Kawu ba sai ranar.

Ran Juma'a sai ga sojan a gidan namun daji da abokansa biyu. Sun biya kuɗin kallo a ƙofa kamar kowa, suka wuce giwa, suka tsallake igiya, suka same mu a bayan rumbun ciyawa. Ni na ba da salla, na rufe kafaɗata da bargon raƙumi. Bayan sallama suka fito da garin gahawa da ɗan tulun tagulla, suka dafa mana a murhun Mai Kifi, Kawu ya raba musu goron ƙarshe da ya rage masa. Sojan ya tauna, fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye don kunya. Sun riƙa zuwa har aka ɗauke rundunarsu zuwa wani wuri. Ban taɓa jin Kawu da shi sun yi magana da ta wuce sallama ba. Zama kawai suke yi kafaɗa da kafaɗa suna kallon raƙuma.

Lambar yabo ta biyu ta zo ne gab da tashinmu, da ganye ya fara ja yana zuba. Akwai wata ƙungiya ta attajirai da matansu masu sha'awar sanin al'ummun duniya. Mutanen Ostiriya ba su da ƙasa ko taki ɗaya a wajenmu, saboda haka tausayi ya yi musu arha, kuma ba su ƙi a ji kunyar Ingilishi ba. Suka gayyaci sarki wani babban zaure da yamma, fitilu na lilo daga sama kamar nonon inabi. Da Kawu ya shiga kowa ya miƙe tsaye.

Wani tsoho mai farin saje ya hau mumbari ya yi ta magana. Madugu na raɗa mini da buroka, ni ina raɗa wa Kawu da Hausa. Ya yabi jaruntar Tonawa. Ya ce al'umma ce mai daraja da aka zalunta. Ya ce shekarun baya Ingilishi sun tara sojan haya marasa imani, suka ja igwa cikin kurmi, suka cinna wa birnin wannan bawan Allah wuta. Da na kai nan sai na ɗaga ido. Na ga gumi ya tsattsafo a goshin Kawu, duk da sanyin zauren. Tsohon ya sauko ya liƙa masa lamba ta azurfa a kan kente, daidai ƙirji, taƙi ɗaya daga inda ɗayar take ɓoye a damtse. Aka yi tafi. Aka ce sarki ya yi jawabi.

Kawu ya miƙe. Ya yi magana da Hausa tsantsa, su kuwa suna zaton Tonanci ne.

Ya ce, "Ɗana, gaya musu na gode. Gaya musu abin da tsohon nan ya faɗa gaskiya ne, ina wurin ranar da aka ƙone garin. Na ga wutar kusa da kusa, kamar daga nan zuwa ƙofar can. Gari ne mai kyau, gidajensa da zane a bango. Hayaƙi ya shiga mini ido har na yi hawaye. Da muka fito daga garin ban waiwaya ba, kuma har yau ban koma ba. Shi ke nan."

Na juya wa Madugu kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba, shi ma ya juya musu. Mata suka fito da ƙyallaye suna share ido. Tsoho mai saje ya rungume Kawu. Aka kawo wani abu mai zaƙi mai sanyi kamar ƙanƙara a ƙananan kwanuka, Mai Kifi ta sha nata ta sha na sarki.

A keke muna komawa na ce, "Kawu, yau ka yi jawabi."

Ya ce, "Ko ɗaya ban yi ƙarya ba." Can kuma ya ce, "Ni gudu na yi daga hannun ubangijina a Ikko, na faɗa barikin soja. Wanda ya ba ka dara shi ke nuna maka inda za ka harba." Ya cire lambar ya riƙe a hannu har muka isa.

Mun dawo Ankara ni da tari, shi da azurfa. Na zauna na rubuta tafiyar duka, ta fi dukan na baya tsawo, na ɓata tawada mai yawa a kan hasumiya da kogin da hanyar nan mai faɗi. Ranar da na fara karantawa rumfa ta cika har bakin hanya. Ban kai rabin lilon ƙarfe ba wani ya ce, "Malam, tsallake, kai mu wurin minda." Na ce ai akwai ƙararrawa tukuna. Suka ce ƙararrawa akwai ta a cocin mishan. Kawu na zaune a tabarmarsa, matarsa ta tilasta masa ya liƙa duka biyun a gaban riga, yara na layi suna taɓawa.

Cikin masu sauraro akwai wani dattijo Batone na gaske, wanda yake kawo wa zango goro tun zamanin mahaifina. Yana jin Hausa sarai, ko da yake ba ya son yinta. Da na gama sai ya taso da sandarsa ya tsaya gaban Kawu, ya miƙa hannu. Kawu ya ciro lambobin ya ba shi. Dattijon ya ɗora ɗaya a kowane tafi kamar mai awo, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce da Tonanci, "Sun miƙe maka tsaye?"

Kawu ya ce, "Sun miƙe."

"Ka yi dariya a gabansu?"

"Ban yi ba."

"Tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa? Sarkinmu ba ya taka ƙasa ba takalmi."

"Ban taɓa cire takalmi suna gani ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ba ka ba mu kunya ba." Ya mayar masa da su, ya ƙara da cewa, "Kai dai jirginka ya dawo da kai. Namu sarkin kuwa, har yanzu muna duban teku."

Ya sa hannu a jaka ya ɗebo goro farare manya, ya rusuna kaɗan ya ajiye a gaban Kawu, ya ce gaisuwar sarki ce. Fuskarsa babu alamar wasa. Tun daga ranar, duk lokacin da ya kawo kaya sai ya biyo ya ajiye wannan gaisuwa. Kawu yakan karɓa ya yi godiya, in dattijon ya tafi ya tambaye ni, "Kai mai ilimi, mutumin nan ba'a yake yi mini ko kuwa?" Ni kuma in ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

Da shekara ta kewayo Madugu ya sake sauka. Ya ce an ƙoshi da Tonawa a can, yanzu matan nan mayaƙa na sarkin Dahome ake so. Kawu ya ce gwiwarsa ta gaji, ni kuma matata na da tsohon ciki. Mai Kifi ce ta bar wa ƙanwarta tire, ta tara 'yan matan kasuwa, aka ba su adduna na katako suka yi ta koyon ihu a bakin teku, masunta na gyaran taru suna kallo. Ita ce shugabar runduna. Bayan watanni ta dawo ta ce wannan karon wani gari aka kai su mai yawan ruwan sama, mutanensa marowata, ko abin nan mai sanyi ba su ba ta ba. Washegari ta koma kasuwa ta hau kujerarta, ta tsawwala wa kifi kuɗi.